Hansai a Birnin Masu Ƙafa Shida

A dajin da ke gabas da garin Tsaunin Gawo akwai wani shuri da ya fi rumbu tsawo, wanda in ka kara kunnenka a jikinsa da sassafe za ka ji hayaniyar kasuwa, har da kiɗa. Tsofaffi sun ce ƙofar birni ce, Birnin Masu Ƙafa Shida, inda aljanun ƙwari suke da sarautarsu. Mata masu kamun fara kullum ta nan suke bi, su yi wa shurin sallama su ƙara sauri.

Cikin matan nan akwai ya da ƙanwa, Hansai da Ladingo, 'ya'yan wata tsohuwa da ake kira Iya Marka. Hansai ce babba, kuma hannunta abin kallo ne. Masu kamun fara suna fita ne tun raɓa ba ta bushe ba, lokacin da sanyi ya nauyaya wa fara fiffike, kuma ƙa'idar sana'ar ita ce in ka kama ka karya mata ƙafar tsalle kafin ka jefa ta a buhu, in ba haka ba rabin kamunka zai tsere kafin ka isa gida. Sauran mata sukan kama, su karya, sannan su jefa. Hansai kuwa sai dai ka ji ƙas, fara tana cikin buhu. Abin da ta fi alfahari da shi ma shi ne, in ta cafko farar tumfafiya bisa kuskure, wadda ba a ci saboda ɗacinta da warinta, yatsunta kan gane ta tun ido bai gani ba, su sake ta da ƙafafunta lafiya lau. Takan ɗaga hannun sama ta sake ta, don kowa ya shaida.

Ladingo ba ta taɓa cika rabin buhu ba. Ana tsakiyar kamu sai ka hango ta durƙushe gaban wani kara, ta karkata kai hagu, tana kallon wani ɗan ƙwaro da bai kai ƙwayar dawa ba. Amma fa ta san su. Ta san gyare daga tsanya da kuka kawai, ta san babe tun bai yi fiffike ba, ta san galla da ba ta harbi ko da ta shiga cikin ƙudan zuma. Manomi ya ga baƙon ƙwaro a gonarsa, sai ya naɗo shi a ganye ya kawo mata, ta gaya masa ko zai ci gero ko kuwa shi ne mai cin masu cin geron. Uwa ta ga fatar ɗanta ta yi bororo, sai ta kawo shi, Ladingo ta ce hangara ce aka murtsuke a jikinsa. Garin duka ya sa mata suna Mai Ido.

To, farar da Hansai take kamawa ita ake soyawa a ci a gidan, ita ake kaiwa kasuwa, amma ba wanda ya taɓa sa mata suna. Kishi ya ci ta har ƙashi. Duk sanda mutane suka zo wurin Ladingo, sai ta jawo tabarma kusa tana cire wa fara fiffike, kai a sunkuye, kunne a miƙe, tana adana kowace kalma a ranta don ranar da ƙanwar za ta yi kuskure ta kama ta a gaban jama'a. Ranar ba ta zo ba. Abin da ta fi tsana a duniya kuwa shi ne karkata kan nan, don da Ladingo ta yi shi sai kowa ya yi shiru yana jira.

Wata safiya suna wucewa ta gindin shurin, sai ga wani ƙwaro zaune a kan ganyen sabara, kore shar, da zanen zinariya a baya. Ladingo ta dube shi sau ɗaya ta ja hannun yayarta, ta ce a hankali su tafi. Hansai ta ji daɗi ya rufe ta. Ta kira sauran mata ta ce su zo su ga ƙwaron da ya gagari Mai Ido, ta yi ta zolayarta, har wasu suka fara dariya. Ladingo ta roƙe ta da ta bari. Hansai ta ce ai faɗin ban sani ba ba ya kashe mutum.

Ladingo ta durƙusa, ta karkata kai, ta ce, "Na san shi, Yaya. Dubi inuwarsa, ta mutum ce. Wannan manzon Magajiyar shuri ne."

Ƙwaron ya miƙe tsaye a kan ƙafa biyu, ya rusuna, ya ce da murya kamar ta dattijo, "Mun daɗe muna neman wadda za ta gane mu." Shurin ya buɗe, iska ta juya, matan suka rufe ido. Da suka buɗe, sai buhun Ladingo kawai suka gani a ƙasa.

Iya Marka ba ta zagi Hansai ba. Ta yi kukanta, sannan ta ce, "Je ki dawo mini da idona." Ba ta ce ɗiyata ba, ba ta ce ƙanwarki ba. Hansai ta ji zafin maganar, amma ta ɗaura ɗamara, don gaskiya tana son ƙanwarta, irin son da ke zaune ɗaki ɗaya da hassada. Akwai kuma wani abu da ya hana ta zama: tunanin cewa wataƙila yanzu haka Ladingo tana can ana yi mata fifita a fadar aljanu.

Ta isa shurin ta yi sallama, sai dai ba ta wuce ba, ta tsaya jiran amsa. Ashe abin da ake bukata ke nan tun can. Aka amsa daga ciki, ƙasa ta dare, ta shiga. Hanyar ta gangara da ita cikin wani rami mai santsi, sai ta ɓullo wata ƙasa mai sararin sama ja kamar yumɓu, ciyawarta ta fi giginya tsawo, raɓa na rataye a kanta kamar tuluna.

A ƙofar birni ta tarar da mai gadi, girmansa ya kai raƙumi, hannuwansa biyu kamar lauje. Ya tare hanya ya ce, "Ke ɗiyar Adamu, danginki suna ce mana ƙwari kamar dukanmu uwa ɗaya ta haife mu. Faɗi sunana ki wuce, ko ki kasa in raba ki biyu."

Sai bakinta ya tuna abin da kunnenta ya sata. Ta ce, "Ranka ya daɗe, kai ne ƙoƙi-ƙoƙi, mai ɗaga hannu kamar yana roƙo alhali farauta yake yi, abokin mai gona."

Ya sauke hannuwansa ya matsa gefe. Tana wucewa ya ce, "Maganar daidai ce, amma ba taki ba ce. Na ji ta daga bakin da ya fi naki taushi." Hansai ta yi gaba.

Sai ta iske wani kogi baƙi ƙirin, ba jirgi, ba mashigi. Tana tsaye sai kwarkwasa suka fito dubu bisa dubu, suka kama juna ƙafa da ƙafa, suka zama gada. Shugabarsu ta ce ta hau, amma duk wanda ya zubar da ran mai ƙafa shida a kan gadar nan, za su saki juna. Hansai ta hau, gada na motsi a ƙarƙashin tafin ƙafarta. Ta kai tsakiya ke nan sai wani siririn ƙwaro mai launin toka ya sauka a damtsenta yana tafiya. Hannunta ya tashi da kansa zai kai masa mari. Saura kaɗan ya sauka ta gane hangara ce, ta tuna Ladingo tana gaya wa uwar yaron nan cewa ba a marin hangara, hure ta ake yi. Ta tsayar da hannun a sama, ta hure ta, ta ƙetare kogin.

Bayan kogin kasuwa ce. Buzuzu suna gara kayansu, zanzaro suna sayar da tukwanen laka, gyare suna kiɗa a gindin wata ciyawa, tururuwa suna ta shige da fice ba sa gaisawa da kowa. Yunwa ta kama Hansai. Wata mace kyakkyawa mai zane kore da ja da rawaya ta yafito ta rumfarta, ta miƙa mata ƙwaryar fura mai sanyi. Hansai ta karɓa, yatsunta suka taɓa na matar, nan take suka gaya mata farar tumfafiya ce. Ta ajiye ƙwaryar.

Matar ta yi dariya, ta ce ai Ladingo ba ta yi wannan taurin kai ba, ita ta sha don kada ta kunyata mai ba ta, kuma duk wanda ya ci abincin birnin nan sai ya fitar da ƙafa shida. Daga nan ta shiga ba da labari ba a tambaye ta ba. Wai Ladingo ta raba tsohuwar rigimar da ke tsakanin rina da zanzaro, ta gaya wa kowa asalinsa. Wai akwai ƙananan dangi da suka manta sunayensu saboda mutane sun daina kiransu, ta zauna ta mayar wa kowa nasa, suna kuka suna godiya. Wai ƙudan zuma sun yi mata waƙa.

Hansai ta dubi furar nan ta daɗe. Can ta ce, "In na sha, za a yi mini abin da aka yi mata?"

"A'a," in ji matar. "Ita ido gare ta. Ke dai za a sa ki ɗaukar kaya."

Hansai ta tashi ba ko sallama.

Zago biyu, manyan gara masu jajayen kawuna, suka raka ta fada. Ɗakin laka ne mai ɗumi, a tsakiyarsa Magajiya take kwance, uwar gara duka, fara tas, tsawonta ya kai kwalekwale, bayi suna ta shafa ta. Hansai ta faɗi ta yi gaisuwa, ta ce ta zo karɓar ƙanwarta, don tsohuwarsu ba ta ci ba ta sha.

Magajiya ta ce, "Na san ki, ɗiyar Marka. Babu gidan fara a ƙasata da ba a yi makoki saboda hannunki ba. Ba na riƙe ki da wannan, abincinku ne, kamar yadda hatsinku yake abincin 'ya'yana. Amma wadda kike nema ta fi ƙarfin garinku. Ta ci abincinmu, ta zama fara, tana cikin rundunar da za ta tashi gabas da zarar raɓa ta bushe. In ta tashi, ta manta ku har abada, ta dawo mini ta zauna a hannuna na dama."

"Allah ya ja zamanin Magajiya, a ba ni dama in neme ta."

"An ba ki. Ki gane ta da idonki, ki kama ta da hannunki, kamu ɗaya tak. In kika kama wata, kin zama tamu. Kuma ki ji da kyau: yadda kika miƙo mini ita, haka za ki karɓe ta."

Aka ɗauki Magajiya a kan gado, aka fita da Hansai wani fili da ido ba ya ganin ƙarshensa. A nan ciyawa ta koma daidai tsawonta na duniya, ƙwari ma haka. Fara ce ko'ina, a kan kowane kara, kowane ganye, launi ɗaya, girma ɗaya, duk suna ci, ƙarar cinsu kamar yayyafi a kan kwano. Rana ta fara leƙowa. Hansai ta shiga cikinsu tana kiran sunan ƙanwarta, ba wadda ta ɗago.

Ta yi ta tafiya tana dubawa. Ita da ta kama farar da ba ta ƙirguwa, sai a ranar ta gane ba ta taɓa kallon fuskar ko ɗaya ba. Raɓa ta fara tsanewa daga saman ciyawa. Nan da can sai ka ji wata ta karkaɗa fiffike tana gwadawa. Tsoro ya kama Hansai sosai, ta tuna fuskar Iya Marka, ta tuna cewa bakinta ne ya jawo wannan, hawaye suka zubo mata.

Ta share ido, ta daina neman alama a jiki, ta tambayi kanta abin da Ladingo za ta yi in an sa ta cikin masu aiki. Amsar ba ta yi mata wuya ba, don ta shekara da shekaru tana jin haushin abin. Sai ta fara neman wadda ba ta yin abin da aka zo yi.

Can gefen fili, a kan wani busasshen kara da ba shi da ko ganye, ta hango wata fara da ba ta ci. Farar ta tsura ido ga wata 'yar kiyashi da ke jan ƙwayar ciyawa, kanta a karkace hagu. Ko Iya Marka da ta haife ta da ba ta lura ba. Hansai kuwa ta san karkatar nan kamar tafin hannunta, don babu mai kallon mutum kamar mai kishinsa.

Ta lallaɓa. A bayanta ta ji Magajiya tana ce wa bayinta, cikin baƙin ciki, "Ta gane ta. Mun rasa wadda babu irinta cikin mutane. Dubi abin da za a mayar da ita wurinsa." Rundunar ta fara tashi, sama ta yi duhu, farar nan ta buɗe fiffike. Hansai ta kai hannu.

Ƙas.

Fara tana cikin tafin hannunta, ƙafar tsalle ta dama a karye.

Magajiya ta ce ta miƙo, Hansai ta miƙa mata. Magajiya ta hura wa farar numfashi, sai ga Ladingo kwance a ciyawa, mutum sosai, ƙafarta ta dama a lanƙwashe daga gwiwa ta inda ƙafa ba ta lanƙwasawa. Ba ta yi ihu ba, ta dai cije leɓe, gumi ya karyo mata.

Hansai ta zube tana roƙo a gyara, ta ce sabo ne, hannun ne ya saba, duk mai kamun fara haka zai yi. Magajiya ta ce, "Na gaya miki tun da wuri. Ɗauki abinki ku tafi."

Ta goya ƙanwarta. Suka bi ta kasuwa, makaɗa suka daina kiɗa. Kwarkwasa suka yi musu gada ba magana. Ƙoƙi-ƙoƙi ya sunkuyar da kai ga wadda ke goye, bai dubi mai goyon ba. Suna fita shurin ya rufe, kuma tun daga ranar ba a ƙara jin hayaniyar kasuwa a cikinsa ba.

A hanyar gida Ladingo ta tambayi yadda aka yi ta gane ta cikin wannan taro. Hansai ta ce karkata kanta ne. Ladingo ta ce ba ta san tana yin haka ba, ba ta kuma san Yaya tana kallonta haka ba.

Gari ya fito taryensu. Iya Marka ta rungume su biyun, ta sa wa Hansai albarka a gaban kowa. Da aka tambayi ƙafar, Ladingo ta riga yayarta magana, ta ce hannu ne da ya saba da aikinsa, kuma ba don saurinsa ba da yanzu tana gabas tana cin ganye. Mata masu kamun fara suka gyaɗa kai, kowacce ta ce ita ma da haka za ta yi. Aka yi ta yabon Hansai, matar da ta shiga birnin aljanu ta fito. A ranar aka sa mata suna Mai Hannu.

Mai ɗori ya yi iya ƙoƙarinsa, ƙafa ta ƙi komawa. Ladingo ba ta ƙara shiga daji ba. Yanzu Hansai kaɗai ke fita, ita ake tarewa a hanya ana tambaya me ta gani, kuma tana ba da amsa daidai, don abin da kunnenta ya tara ba kaɗan ba ne. Abin da ta daɗe tana so ke nan, ya kuma zo mata ba daɗi ko kaɗan. Duk sanda ta ga baƙon ƙwaro sai ta rufo shi a tafin hannu ta kawo wa ƙanwarta, ta zauna tana kallon ƙasa har a gama dubawa.

Wata safiya bayan kaka ta kawo mata wata fara mai kore da ja da rawaya, wai ko za ta yi dariya ta tuna matar rumfar nan. Ba kowa a tsakar gida sai su biyu. Ladingo ta karɓe ta, ta karkata kai, ta duba ƙafafun nan biyu na tsalle, duka lafiya lau. Ta buɗe hannu farar ta yi tsalle ta haye katanga.

Ta ce, "Yaya, tun muna yara nake bin ki daji. Ban taɓa ganin kin karya ƙafar wadda ba ki yi niyya ba."

Hansai ta dubi hannunta. Ladingo ta jawo sandarta ta dogara, ta miƙe da ƙyar, ta ce Iya tana kira, ta shiga ɗaki tana jan ƙafa.